Yadda Kano ta kaɗa ƙuri'a a zaɓen shugaban ƙasa na 2023: tambayoyi da amsoshi

Wa ya ci Kano, kuma da ƙuri'a nawa?

An yi zaɓen ranar Asabar 25 ga Fabrairu, 2023. Sakamakon da hukumar zaɓe ta INEC ta bayyana na jihar Kano ya nuna Rabi'u Musa Kwankwaso na NNPP ya samu ƙuri'a 997,279, Bola Ahmed Tinubu na APC 517,341, Atiku Abubakar na PDP 131,716, sai Peter Obi na LP 28,513. Jam'iyyu 18 ne a kan takardar ƙuri'ar, amma ragowar 14 ɗin abin da suka tsinta bai taka kara ya karya ba. Ƙuri'u masu kyau sun ɗan haura miliyan 1.7. Idan aka buga lissafi, Kwankwaso yana da kusan kashi 59 cikin ɗari, Tinubu kashi 30 da ɗoriya, Atiku bai kai kashi 8 ba, Obi kuma bai kai kashi 2 ba.

Kano ce kaɗai jihar da Kwankwaso ya ci. A duk faɗin Najeriya ya samu ƙuri'a 1,496,687, wato kashi biyu cikin uku na ƙuri'arsa daga gida ta fito.

Tunda Kwankwaso ya ci jihar, ƙuri'ar da aka ba sauran ta tafi a banza ke nan?

A'a, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, musamman masu bin labarin zaɓen Amurka, inda a kusan kowace jiha wanda ya zo na ɗaya ke kwashe duk kujerun wakilan jihar. A Najeriya ba haka tsarin yake ba. Ba a ba kowa kyautar jiha. Kowace ƙuri'a ana zuba ta ne a babban jimilla na ƙasa, ko wanda aka ba ya zo na ɗaya a jihar ko na huɗu.

Sashe na 134 na kundin tsarin mulkin 1999 ya gindaya sharuɗɗa biyu. Na farko, ɗan takara ya fi kowa yawan ƙuri'a a ƙasa baki ɗaya. Na biyu, ya samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa a kashi biyu cikin uku na jihohi 36 da babban birnin tarayya Abuja. Da wannan ma'auni, Tinubu ya tashi da riba biyu a Kano duk da ya sha kaye: ya tsallake kashi 25, Kano ta shiga cikin jihohin da ake ƙirga masa, sannan ya ɗauki sama da rabin miliyan ya ƙara a jimillarsa. Legas ce kawai, inda ya samu 572,606, ta ba shi abin da ya fi na Kano yawa. Ko Oyo da Jigawa, da ya ci da rinjaye, ba su ba shi haka ba. Ratar da ya ba Atiku a ƙasa baki ɗaya ita ce 1,810,206, kuma 385,625 daga cikinta a Kano ya samo ta. Atiku da Obi kuwa ko kusa da kashi 25 ba su je ba a jihar.

An taɓa samun lokacin da wannan sharaɗi na kashi 25 ya rataya a kan Kano?

An yi, kuma shi ne shari'ar zaɓe mafi shahara a tarihin ƙasar. A 1979 jihohi 19 ne, Jigawa tana cikin Kano. Malam Aminu Kano na PRP ya kwashe kusan kashi uku cikin huɗu na ƙuri'un jihar. Shehu Shagari na NPN ya samu kashi 25 a jihohi 12, a Kano kuma ya tsaya a kashi 19.94. Sai tambaya ta taso: nawa ne kashi biyu cikin uku na 19? Obafemi Awolowo, wanda ya zo na biyu, ya ce 13 ne, domin ba a yanka jiha. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce 12 ne da biyu bisa uku, saboda haka a jiha ta 13 abin da ake bukata shi ne kwata na kashi biyu cikin uku na ƙuri'un, wato ɗaya bisa shida, kuma 19.94 ta haura haka. Kotun Ƙoli ta tabbatar da Shagari ranar 26 ga Satumba, 1979. Jihar nan ta 13 da aka yi ta lissafi a kanta, Kano ce.

Mutum nawa suka fito?

Masu rajista a Kano 5,921,370 ne, na biyu a ƙasar bayan Legas. Waɗanda suka kaɗa ƙuri'a ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba. Hakan ya ɗan ɗara matsakaicin ƙasa, wanda ya tsaya wajen kashi 27, amma ya yi ƙasa da abin da aka saba gani a jihar. A 2015 Buhari shi kaɗai ya samu 1,903,999, fiye da duk ƙuri'un da 'yan takara 18 suka raba a 2023.

Dalilan sun haɗu. An yi zaɓen ana tsakiyar wahalar canjin kuɗi: Babban Banki ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, tsofaffin 500 da 1,000 sun daina karɓuwa, sababbin babu. Ga tsadar mai. Wanda ya yi rajista a ƙauye yana zaune a birni, zuwa gida ya zama aiki. Su kansu direbobin da ke kai kayan zaɓe tsabar kuɗi suke so, abin da ya sa kaya suka makara a wurare da dama. Akwai kuma matsalar ita rajistar: tana ɗauke da sunayen waɗanda suka rasu da waɗanda suka ƙaura, domin ba a cika cire su ba, don haka adadin da ake raba lissafi da shi ya fi gaskiya girma. Dalili na ƙarshe shi ne na'urar BVAS mai tantance masu zaɓe. Da ita aka rufe ƙofar cike takardar uzuri ga wanda na'ura ta ƙi karɓa, kuma ta wannan ƙofa ce a baya ake shigo da aringizo.

Ina ƙuri'un Buhari suka tafi?

Tun 2003 Kano ke bin Buhari a duk jam'iyyar da ya shiga. A 2011 ya samu sama da miliyan 1.6 a CPC, alhali gwamnan jihar mai ci, Malam Ibrahim Shekarau, yana takarar kujerar a ANPP. A 2019 ya samu 1,464,768, Atiku 391,593. Zaɓen 2023 shi ne na farko cikin shekara 20 da babu shi a takara.

Lissafin a fili yake. APC ta rasa ƙuri'a 947,427 tsakanin 2019 da 2023. PDP ta rasa 259,877. Idan aka haɗa, sama da miliyan 1.2 ke nan. Kwankwaso ya tashi da 997,279, ragowar kuma sun yi daidai da raguwar masu fitowa. Wannan ba ya nufin kowane mutum da ya bar tsintsiya kwandon kayan marmari ya koma, domin akwai sababbin masu zaɓe da waɗanda suka zauna a gida, amma ya nuna cewa mafi yawan ƙuri'ar Kwankwaso daga rumbun Buhari ta fito, ba daga na PDP ba.

Da Kwankwaso bai fito ba, da Atiku ya ci zaɓe?

Ana yawan faɗin haka a majalisa, amma alƙaluma ba su goyi bayansa ba. Atiku ya samu 6,984,520 a ƙasa, Tinubu 8,794,726. Ko da an ɗauki duk ƙuri'ar Kwankwaso ta Najeriya, ba ta Kano kaɗai ba, an ɗora wa Atiku, zai tsaya ne a 8,481,207, saura 313,519 ya kamo Tinubu. Kuma zaton cewa dukkansu za su bi lema zato ne mai rauni. A 2019 Kwankwaso yana PDP, yana yi wa Atiku yaƙin neman zaɓe, amma Atiku bai kai dubu 400 ba a Kano. Makonni biyu bayan haka ɗan takarar gwamna na Kwankwasiyya, Abba Kabir Yusuf, ya haura miliyan ɗaya a wannan jam'iyyar dai. Masu jar hula da yawa sun yi Buhari a sama, Abba a ƙasa. Ƙuri'ar da ake ba mutum don kansa ba lallai ya iya miƙa ta ga wani ba.

Me ya sa jam'iyyar da ba a san ta ba ta kayar da mai mulki?

Sunan NNPP ne sabo a kunnen mutane, tsarin da ya shiga cikinta tsoho ne. Kwankwaso ya yi gwamna daga 1999 zuwa 2003, ya sake yi daga 2011 zuwa 2015, ya yi ministan tsaro, ya yi sanatan Kano ta Tsakiya. Kwankwasiyya tana da mutane a kowace mazaɓa tun kafin ya shiga NNPP a farkon 2022, kuma ɗaliban da ya tura karatu waje da iyayensu sun zama masu tallata shi ba tare da an biya su ba. Abin da ya rage kawai shi ne koya wa mutane alama, tunda takardar ƙuri'a ba ta ɗauke da hoton ɗan takara ko sunansa, alamar jam'iyya kawai. Shi ya sa aka yi ta nanata kayan marmari a rediyo da wajen taro.

A ɗaya ɓangaren, APC ta shiga zaɓe da ciwo a jiki. Rikicin shugabancin jam'iyya tsakanin ɓangaren Gwamna Abdullahi Umar Ganduje da na Shekarau ya kai Kotun Ƙoli a 2022, bayan nan manyan 'yan siyasa irin su Kawu Sumaila da Abdulmumin Jibrin suka fice zuwa NNPP. Akwai waɗanda ba su huce ba kan zaɓen gwamna na 2019 da aka ce bai kammalu ba, wanda har yau ake tunawa da mazaɓar Gama. Akwai masu jin haushin raba masarautar Kano a 2019 da cire Sarki Muhammadu Sanusi II a Maris 2020. Sannan wahalar kuɗi ta faɗo a kan jam'iyya mai mulki, duk da Ganduje ya fito fili ya soki canjin kuɗin.

Bai kamata a manta da tsohuwar ɗabi'ar jihar ba. Garin NEPU da PRP ne, kuma a 1993 Abiola ya kayar da Bashir Tofa a nan, jihar Tofa ta haihuwa. Ba banza ake cewa siyasar Kano sai Kano ba.

Ina Obi ya samo tasa?

Galibi daga ƙaramar hukumar Fagge, inda Sabon Gari take, da wasu unguwannin birni da 'yan kudu ke zaune. An yi maganar haɗaka tsakaninsa da Kwankwaso a tsakiyar 2022, ta watse a kan wa zai zama mataimakin wa.

An yi sak ne, ko wake da shinkafa?

A ranar takarda uku aka ba kowa: ta shugaban ƙasa, ta sanata, ta ɗan majalisar wakilai. A yawancin jihar an yi sak, guguwar ta ɗauki NNPP daga sama har ƙasa, ta ci mafi yawan kujeru 24 na majalisar wakilai. Kawu Sumaila ya kayar da Kabiru Gaya a Kano ta Kudu. A Kano ta Arewa kuwa Barau Jibrin na APC ya riƙe kujerarsa.

Abin da ya faru a Kano ta Tsakiya shi ya fi nuna cewa alama ake zaɓa. Shekarau ya shiga NNPP a Mayun 2022, aka ba shi takarar sanata, sannan ya bar ta zuwa PDP a Agusta. Sunansa bai fita daga kundin INEC ba, don haka da NNPP ta ci, shi aka sanar. Sai da Kotun Ƙoli ta tabbatar da Rufa'i Sani Hanga a matsayin ɗan takarar jam'iyyar kafin aka ba shi takardar shaida.

Zaɓen gwamna na 18 ga Maris ya ƙara fito da wani abu. NNPP ta Abba Kabir Yusuf ta samu 1,019,602, ƙarin dubu 22 kacal a kan ta shugaban ƙasa. APC ta Nasiru Yusuf Gawuna ta tashi daga 517,341 zuwa 890,705. Ma'ana akwai dubban ɗaruruwan mutane da ke tare da APC a jiha amma ba su ba ta ƙuri'ar shugaban ƙasa ba, ko ba su fito ba a ranar.

Yaya sakamako ke tafiya daga rumfa zuwa Abuja?

Kano tana da ƙananan hukumomi 44, mazaɓu 484, rumfunan zaɓe 11,222. A kowace rumfa akwai shugaban rumfa, galibi ɗan bautar ƙasa, da mataimaka uku. Bisa ƙa'ida ana buɗewa ƙarfe 8:30 na safe, a rufe layi 2:30 na rana, amma duk wanda ke kan layi a lokacin sai ya kaɗa.

Mai zaɓe zai miƙa katinsa, a duba shi a BVAS, na'urar ta tantance shi da yatsa ko da fuska. A duba sunansa a rajista, a shafa masa tawada a farce. Shugaban rumfa ya buga hatimi a bayan kowace takardar ƙuri'a, ya sa hannu da kwanan wata, sannan ya ba shi. Ya shiga wurin sirri ya dangwala, ya jefa kowace a akwatinta.

Bayan an gama, a gaban kowa ake zazzage akwati, a ware, a ƙirga da ƙarfi. Ana rubuta sakamakon a takarda mai lamba EC8A, da alƙaluma da kuma kalmomi, wakilan jam'iyyu su sa hannu, kowa ya karɓi kwafinsa, 'yan sanda ma haka. A liƙa sakamakon a bango, a ɗauki hoton takardar da BVAS a tura shafin IReV na intanet. Daga nan takardar ta tafi mazaɓa, inda ake haɗa na rumfuna a EC8B. Na mazaɓu a haɗa a ƙaramar hukuma a EC8C. Na ƙananan hukumomi 44 a haɗa a ofishin INEC na jiha a EC8D, a hannun wani farfesa da ake ɗaukowa daga jami'a. A zaɓen shugaban ƙasa wannan farfesa ba ya ayyana wanda ya ci, tattarawa kawai yake yi ya kai Abuja. Baturen zaɓen shi ne shugaban INEC, a lokacin Farfesa Mahmood Yakubu, wanda ya ayyana Tinubu da asubahin Laraba 1 ga Maris.

Wurin da aka fi yin ɓarna ba rumfa ba ne, domin a nan idanu sun yi yawa. Matakin mazaɓa ne, da daddare, a ajin makarantar firamare da sau da yawa ba wuta, mutane sun gaji sun watse. A nan 18 ke iya zama 118. Maganinsa ɗaya ne: wakilin jam'iyya ya riƙe kwafin EC8A mai hatimi da sa hannu, ya bi shi har mazaɓa, ya gwada abin da ake karantawa da abin da ke hannunsa. Jam'iyyar da ba ta biya wakilanta ba har suka tafi gida bayan la'asar, ba ta da abin kai wa kotu.

Me ke lalata ƙuri'a?

Sama da ƙuri'a dubu 40 aka ƙi karɓa a Kano, fiye da duk abin da Obi ya samu a jihar. Mafi yawa daga dangwale ne: a dangwala a gida biyu, ko a kan layin da ya raba jam'iyyu biyu har a kasa gane nufin mai ita, ko a jefa ba a dangwala ba, ko a yi rubutun da zai bayyana mai ƙuri'ar. Akwai kuma wadda mai ita bai yi kuskure ba sai a wajen naɗewa. Idan tawada ta yi yawa aka ninke takardar sama da ƙasa, sai ta shafi gidan wata jam'iyya. Shi ya sa ake cewa a ɗan jira ta sha iska, a naɗe ta a tsaye, ta yadda dangwalen ba zai taɓa wani gida ba.

Rashin hatimi ko sa hannu a bayan takarda laifin ma'aikaci ne, amma mai zaɓe ke ɗaukar asarar idan aka je shari'a. Kano ta ga haka a shari'ar gwamna: a Satumban 2023 kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta zare ƙuri'a 165,663 daga na Abba a kan wannan dalili, sai Kotun Ƙoli ta mayar da su ranar 12 ga Janairu, 2024. Kafin mutum ya bar teburin shugaban rumfa, ya juya takardarsa ya duba bayanta.

Yaushe ake soke rumfa?

A ƙarƙashin dokar zaɓe ta 2022, wadda aka yi wannan zaɓe da ita, ana soke rumfa idan ƙuri'un da ke cikin akwati sun fi adadin waɗanda BVAS ta tantance. Wannan sauyi ne babba, domin a tsohuwar doka sai sun fi adadin masu rajista, kuma rumfa mai mutum 700 da 200 suka fito tana da sararin cusa 500 ba a kama ba. Ana kuma sokewa idan an fasa akwati, ko an kori ma'aikata, ko an ƙi amfani da na'urar. Idan BVAS ta lalace ba a kawo wata ba, ana ɗage zaɓen rumfar.

Ana rubuta rumfunan da aka soke a takardar EC40G. Idan yawan masu katin zaɓe a waɗannan rumfuna ya fi ratar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu, sai a ce zaɓe bai kammalu ba, a koma a ƙarasa. A ranar 25 ga Fabrairu an yi tashin hankali a wasu sassan jihar, mafi muni a Tudun Wada inda aka rasa rayuka, kuma kujerar majalisar wakilai ta Doguwa da Tudun Wada sai a zaɓen ƙarashe na 15 ga Afrilu aka kammala ta. Wannan bai taɓa sakamakon shugaban ƙasa ba, domin shi ratar ƙasa baki ɗaya ake dubawa, ba ta jiha ba.

Me ya faru da IReV, kuma ya shafi Kano?

Ya shafi ko'ina. A daren zaɓe hotunan sakamakon 'yan majalisa suna hawa shafin, na shugaban ƙasa sun ƙi, sai bayan sa'o'i suka fara shiga a hankali, wasu ma dishi-dishi. INEC ta ce tangarɗa ce a tsarin na'urorinta. PDP da LP da APM sun kai ƙara Kotun Ɗaukaka Ƙara, wadda ita ce ke fara sauraron shari'ar zaɓen shugaban ƙasa. Doka ta ba da kwana 21 a shigar da ƙara, kwana 180 a yanke hukunci. Kotun ta kori ƙararrakin ranar 6 ga Satumba, Kotun Ƙoli ta tabbatar ranar 26 ga Oktoba, 2023. Matsayin kotunan shi ne IReV wurin kallo ne ga jama'a, ba wurin tattara sakamako ba, kuma wanda ke cewa an sauya alƙaluma dole ya kawo takardun rumfa da shaidun da suka tsaya a rumfar. NNPP ba ta cikin masu ƙarar, kuma babu hukuncin da ya sauya ko ƙuri'a ɗaya daga alƙaluman shugaban ƙasa na Kano.